Ranar da Na Zauna a Shagon Mai Magani

A unguwarmu ta Sabon Birni ni ne mai raka baƙi. Ba sarauta ba ce, ba a kuma biyana. Na gama firamare a lokacin da masu firamare ba su da yawa, ina iya karanta takardar hukuma, don haka tun ina da ƙarfina duk wanda ya zo ƙidaya, wurina mai unguwa ke turo shi. Na raka masu ƙidayar mutane da masu ƙidayar shanu da masu allurar rigakafi, daga baya kuma masu rubuta mutanen da sunka gudo daga ƙauyuka. Duk na shiga da su gida-gida.

Abin da baƙin ba su sani ba shi ne, a wurinmu ƙidaya iri biyu ce, akwai ta karɓa, akwai ta bayarwa. Iyayenmu sun ga jangali da haraji, sun koyi cewa in an tambaye ka mi gare ka, cikin abin da ka faɗa za a ɗiba. Mu kuma mun ga zamanin tallafi, inda gwargwadon abin da ka faɗa za a auna maka. Aikina shi ne in fara zama da baƙo, in ba shi ruwa, in ja shi da hira har in gane wace iri ya kawo, sannan in sanar da mutane ba tare da na buɗe baki ba. In na shiga gida ko shago na tsaya a tsaye na dafa sandata, ta karɓa ce, kowa ya riƙe bakinshi. In na nemi wuri na zauna, ta bayarwa ce, a faɗi duka, har da ɗan ƙari. Haka na iske wanda ya riƙe aikin kafin ni yana yi, shi ma bai ce shi ya fara ba. Ko matan da ke leƙowa ta bayan zana ba fuskar baƙo suke kallo ba, ƙafafuna suke kallo.

Na taɓa kuskure wanda kowa ya sani. Wasu sun zo suna tambayar yawan mutanen kowane gida, na dubi motarsu da takalmansu na ce haraji ne. Na tsaya a kowace ƙofa. Ashe rijiyar burtsatse ake rabo, anka haƙa ta a unguwar hayin kwalta, don a lissafinsu mu ba mu da yawa. Har yau matan unguwarmu in sun wuce ni da jarkoki sukan ce, Baba, mun tafi famfonka. Ba da fushi suke faɗa ba, ya zama gaisuwa. Ni ma nakan ce su gaishe shi.

Wata safiya ta ranar kasuwa mai unguwa ya aiko mani wata malama daga Sakkwato. Ba ta kai ɗiyata ta fari shekaru ba. Ɗan kabu-kabu ya kawo ta daga Isa, hijabinta duk jar ƙasa, tana riƙe da wata faffaɗar waya a cikin jaka. Na ba ta ruwa ta shanye, na ƙara mata. Na tambaye ta mi ake ƙidayawa wannan karon. Ta ce ba mutane ba ne, ba dabbobi ba ne, ana son a san 'yan kasuwa da sauran jama'a nawa ke aiki da ƙirƙirarriyar basira. Da ta ga ban gane ba sai ta ce abin nan ne na cikin waya, wanda kake yi mashi tambaya ya ba ka amsa kamar mutum, ya karanta maka rubutu, ya juya maka wani harshe zuwa naka. Na ce na gane, samarinmu malamin waya suke ce mashi.

Na bi ta hanyoyin da na saba. Na tambaya ko waɗanda ke aiki da shi za a sa masu wani kuɗin hukuma, ta ce a'a. Ko za a raba wayoyi, ta ce a'a. Ko za a kafa ƙarfen sabis, tunda namu zuwa yake ya tafi, har akwai lokacin da sai mutum ya hau tudu wajen Burkusuma ya kamo na Nijar. Ta yi murmushi ta ce, "Baba, ba a ba da komai, ba a karɓar komai. Sani kawai ake so."

Ban taɓa jin irin wagga ƙidaya ba. Na ɗauki sandata munka fita ban yanke komai ba.

Mun fara da shagon tela. Na tsaya bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, don ni kaina ban san abin da za ni yi ba. Tela ya dubi ƙafafuna ya daɗe, sannan ya ce wa malama shi wayarshi ko hoto ba ta ɗauka. Ga babbar wayarshi nan kan keke tana caji, duk mun gan ta. Malama ta dubi wayar, ta dube ni, ta taɓa tata ta wuce tambaya ta gaba. Mai injin niƙa ya ce bai taɓa ji ba. Dillalin albasa, wanda na san da bakin wayar yake ciniki da mutanen Maraɗi, ya ce shi jahili ne, a tambayi masu boko. Mai cajin waya kuwa, da wayoyin rabin unguwa jere a gabanshi, ya ce kiɗa kawai mutane ke sawa ciki. Ba wanda ya yi mata rashin kunya. Kowa ya yi mata sannu da hanya, wani ya ba ta goro, amma amsar ɗaya ce, babu.

Da rana ta ɗaga munka tsaya gindin dogon yaro ta huta. Ta ce a Isa ma haka ta sha, a Turba kuwa wani tsoho ya rantse mata bai san mi ake kira waya ba, sai ga ta tana ƙara cikin aljihunshi. Ta yi dariya kaɗan. Sannan ta ce ita ba ta da asara, abin da anka faɗa mata shi za ta kai. Sai dai masu karantawa a can za su ɗauka wanga yanki ba ya cikin masu aiki da abin, in sun tashi gyara shi ko koya mashi harshe ba za su tuna da mu ba. Ba alkawari ta yi mani ba, hira kawai take yi don gajiya. Ni kuma a daidai lokacin mata biyu sunka wuce mu da jarkoki, ɗaya ta ce Baba mun tafi famfonka. Na ce wa malama ta tashi, akwai wanda za ni kai ta wurinshi.

Ina da amini da ya rasu, mai sai da maganin dabbobi a bakin kasuwa. Yawancin maganin daga hayin iyaka yake zuwa, rubutun jikin kwalba duk Faransanci. Aminina ya yi zaman Maraɗi da ƙuruciya, ya tsinci Faransancin da ya ishe shi karanta kwalba. Makiyayi zai zo ya faɗi yadda saniya ke yi, shi kuma ya ce bari in duba ciki, ya shige bayan labule, ya fito da magani ya faɗi yadda za a ba da. Mutane na cewa tunani yake shiga yi. Ni na san garin taba yake shiga sawa a baki, don ba ya son a gani. Da ya rasu ɗanshi ya gaji shagon da labulen da makiyayan, amma bai gaji Faransancin ba. Magidanci ne mai mata da 'ya'ya, mai sanyin magana. Baba yake ce mani, ni na yi mashi walicci lokacin aurenshi. Shi ma yakan ce bari in duba ciki, ya shige bayan labule, makiyaya su ce halin uban ne.

Wata rana tunkiyata ta kumbura na je, na iske ba kowa a gaba, na ɗaga labulen ba sallama, don na san shagon tun kafin a haife shi. Na same shi ya ɗora waya kan kwalba yana ɗaukar hoton rubutun, murya na fitowa a hankali tana faɗa mashi da Hausa abin da ke jiki. Ya ce Baba ka kama ni. Ya gaya mani tun da ya fara haka bai ƙara zargin kanshi a kan awon magani ba, ko da yake abin yakan yi kuskure, sai ya tambaya sau biyu ya gwada da abin da ya gani wurin ubanshi. Ya saki labulen a hankali. Ni na ɗauka kunyar rashin Faransanci ce ta sa yake ɓoyewa, ban yi tunanin wani abu ba. Tunkiyar ta tashi.

Wurinshi na kai malama. Kasuwa ta cika, gaban shagon akwai makiyaya na jira, wasu daga wajen Kurawa, ga benci da aminina ya bari a ƙofa. Na yi sallama, na jingine sandata da bango, na zauna. Gwiwoyina na ciwo, gaskiya ne, amma ba don su na zauna ba.

Ɗan aminina ya dube ni, ya dubi bencin. Malama ta gaishe shi ta yi mashi bayani, ta ce ba a rubuta suna, kuma ƙa'idar aikinta a keɓe ake tambaya, ko za su shiga ciki. Ni na ce ba sai an shiga ba, nan duk 'yan uwa ne. Ya sake dubana. Sannan ya shiga bayan labule ya fito da wayar a hannu.

Ban lissafa da cewa ba shi kaɗai ke kallon ƙafafuna ba. Mai shayi da ke gefe ya ga na zauna, ya gaya wa mai nama, kafin malama ta gama tambaya ta farko mutane sun kewaye mu. Na ji ana cewa daga bayan taron wai waya ake rabo, wani na cewa a'a jari ne. Tela ma da ya ce wayarshi ba ta hoto ya bar shago ya zo ya tsaya.

Ta tambaye shi ko yana aiki da abin, ya ce e. Sau nawa, ya ce kullum. Don mi, ya ce don karanta kwalba, wani lokaci kuma in makiyayi ya faɗi ciwon da bai gane ba, ko sammore ne ko hanta, yakan faɗa wa wayar su yi shawara. Ta ce ko za shi iya nuna mata. Ya ɗauko kwalbar maganin tsutsa ya ɗauki hoto ya yi magana, ya ƙara murya don ta ji. Wayar ta karanta, ta faɗi awon tunkiya da na saniya, ta ce kada a sha nonon sai an kwana biyu. Hausarta irin ta gabas ce. Wani ɗan kabu-kabu ya ce ashe Bakano ne ke ciki, shi ya sa ya san kan ciniki, a tambaye shi ko za shi rage mamu kuɗin mai. Anka yi dariya. Mai shayi ya ce a tambaye shi yaushe za a biya shi bashin shayi. Ni ma na yi dariya. Na ji daɗi a lokacin, ina ganin yau an rubuta garinmu cikin masu sani.

Akwai wani tsohon makiyayi a gaba, mai cinikin aminina tun da daɗewa, wanda bai yi dariya ba. Da hayaniya ta lafa ya ce, "Malama, hoton da ya ɗauka, ina ya tafi?"

Ta faɗa mashi gaskiya. Ta ce yakan tafi nesa, wasu manyan injuna a wata ƙasa, su duba su maido amsa.

Ya juya wurin ɗan aminina. "To maganar da muke kawo maka fa? In na ce shanuna na fadama kaza, ruwan can ne ya ɓata masu ciki?"

"Ciwon kawai nake faɗa mata, Baffa. Ba na faɗin wuri."

Tsohon ya ce to. Ya karɓi maganin da ya zo saye ya sa a jaka, ya yi sallama da kowa har da ni, ya tafi. A bayan taron kuma akwai wasu 'yan sa kai biyu da bindigogin ƙira a kafaɗa, ban ga lokacin da sunka zo ba. Mutane sunka watse da sunka gane ba a rabon komai, wasu na ƙorafin an ɓata masu lokaci. Malama ta yi godiya sosai, ta ce wannan ita ce amsar e ta farko da ta samu tun da ta baro Sakkwato. Na raka ta tasha.

Wanda bai zauna ƙasarmu a shekarun nan ba ba za shi gane sauran ba sai an faɗa mashi. 'Yan bindiga na daji, sojoji na zuwa su tafi, kuma kowane ɓangare ya yarda akwai mai kai labarinshi ga ɗayan. Infoma ake ce ma irin wanga mutum, kuma wanda anka liƙa ma sunan ba ya daɗewa. Mai sai da maganin dabbobi dama a tsakiya yake, mutanen gari na ganin yana hulɗa da na daji, na daji na ganin ɗan gari ne. Aminina ya rayu a tsakiyar nan lafiya don kowa ya san bakinshi a rufe yake. Yanzu kasuwa duka ta ga ɗanshi na shiga bayan labule da maganar mutane, ya faɗa wa wani da ba a gani, kullum, kuma maganar na tafiya nesa. Ɗan ya san wannan tun farko, shi ya sa yake sakin labule. Ni da nake ganin na fi kowa sanin mutanenmu, sai da na ga bencin ya zauna ba kowa ranar kasuwa ta gaba sannan na fara ganewa.

Makiyaya sunka rage zuwa. Waɗanda sunka zo sukan nuna kwalbar da suke so da yatsa, ba su faɗin ciwo. Sannan anka kai samame wata ruga anka kora shanu, magana ta fito daga daji cewa wayar mai magani ce ta nuna wurin. Bayan haka anka tare 'yan kasuwa a hanyar Burkusuma, magana ta fito daga gari cewa wayar mai magani ce ta faɗi lokacin fitarsu. 'Yan sa kai sunka kira shi ofishinsu, na bi shi. Sun buɗe wayar sun duba, ba komai sai hotunan kwalabe da bakin shanu da kofato. Shugabansu ya maida mashi, ya ce don darajar Baba, amma su ba su iya karanta abin da anka goge.

Na yi yawo. Na je wurin mai unguwa, na je wurin liman, na tsaya a majalisar mai shayi na yi bayani cewa abin kamar rediyo ne da ke amsawa, bai san kowa ba. Kowa ya saurare ni da ladabi ya ce mun ji, Baba. Na so in ce ma tela da dillalin albasa su fito su ce su ma suna yi, sai na tuna abin da za shi biyo baya, ban je ba. Su ma in mun haɗu a masallaci sukan gaishe ni su yi sauri.

Tsohon makiyayin nan ne ya kawo ƙarshen maganar. Ya zo shagon da rana tsaka, ya ƙi zama, ya ce ma ɗan aminina shi ya yarda da shi don ya ci abinci da ubanshi, amma ba shi ke riƙe da samarin daji ba. Ya ba shi shawara ya ɗan ba garin baya.

Ranar da ɗan aminina za shi tafi ya zo gidana da hantsi. Dangin uwarshi na hayin iyaka, can za shi kai iyali. Babura na jira a waje an ɗaure masu katifa da tukwane. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum, ya miƙo mani makullin shagon ya ce in riƙe mashi, in abubuwa sun lafa za shi dawo. Na ce mashi ni na jawo. Ya ce ƙaddara ce. Na sake faɗa, yana juya hular da ke hannunshi.

"Ni na so in ce mata babu, Baba. Sai na ga ka zauna."

Bai faɗa da zafi ba. Ya tashi, ya ce in yi masu addu'a, na yi. Na tsaya ƙofar gida har baburan sunka sha kwana. Na koma ciki na ba tumaki dusa.

Na riƙa zuwa shagon lokaci-lokaci in buɗe in share. Kwalaben na nan jere, ban san wanda ya lalace da wanda bai lalace ba. Labulen na nan. Wani ya buɗe shagon maganin dabbobi a ɗaya gefen kasuwa, da launin kwalba yake gane magani, in an tambaye shi awo ya ce a ba da daidai. An yi asarar tumaki a unguwarmu da damina, har da guda cikin nawa, ba wanda ya ce don mi. Ɗan aminina yakan aiko mani saƙon murya yana gaisuwa, ya tambayi gwiwa, ya ce yara na lafiya. Yana taimaka ma wani mai shago a can. Bai taɓa tambayar ko magana ta lafa ba, ni ma ban taɓa ce mashi ta lafa ba, don har yanzu in an yi wani abu a hanya akan ambace shi, ko da ba ya ƙasar.

Da shekara ta zagayo malama ta dawo. Ta ce ƙa'idar aikin ke nan, a koma inda anka je a ga ko abin ya ƙaru ko ya ragu. Ta kawo mani dabino. Na ba ta ruwa, na ɗauki sanda munka fita.

A lokacin na san masu aiki da malamin waya sun fi na bara yawa. Tela da shi yake fitar da sabon aikin wuya. Mai niƙa ya gyara injinshi da shawararshi. Jikata da ke sakandare da shi take aikin makaranta a cikin gidana. Na shiga kowane shago na tsaya a tsaye na dafa sanda, wannan karon ba ƙafa ɗaya waje. Ba ma sai na yi ba, ba wanda ya dubi ƙafafuna. Tela ya ce wayar bara ma ya sayar. Dillalin albasa ya ce har yanzu jahili ne. Malama tana taɓa wayarta muna wucewa.

Ita ta tambayi mai magani da kanta, ta ce tun a mota take tunanin shi, tana son ta ji ko har yanzu kullum ne. Na kai ta. Ƙofa a rufe, bencin na nan. Na ce ya ƙaura. Ta tambaya ko lafiya, na ce lafiya, wajen dangin uwarshi ya koma. Ta ce kash, ta taɓa wayarta, ta ce to za ta sa ba a same shi ba. Ta ce abin mamaki, a sauran wurare ƙaruwa yake, nan kuma ɗayan da ke akwai ma ya fita. Na yi niyyar in faɗa mata yadda anka yi, sai na ga ba abin da za ta yi da labarin sai ta ɗauke shi ta tafi da shi Sakkwato, kuma ita ce bara ta ce a shiga ciki a keɓe, ni na hana. Na bar shi.

Ta zauna kan bencin ta huta, ta matsa gefe ta ce Baba zauna mana, ka sha tafiya. Na ce ta bar ni, in na zauna tashi ke ba ni wuya. Mai shayi na kallonmu daga rumfarshi.

Ta ce saura ni, bara ta manta ba ta tambaye ni ba. Ko ni ko wani a gidana na aiki da abin? Na ce babu.

Bayan tafiyarta da kwanaki saƙon ɗan aminina ya zo. Ya gaishe ni, ya tambayi gwiwa, sannan ya ce ya sa manyan yaran makaranta a can, Faransanci suke koyo. Ya ce in ba mai ginin da suke hayar shagon wurinshi makullinshi, kwalaben a haƙa rami a binne kada wani ya ba dabba, bencin kuma in ina so in ɗauka. Na saurara sau biyu. Da safe na samu masu taimako munka kwashe kwalaben, munka binne su bayan kasuwa, na cire labulen na naɗe. Na kai ma mai ginin makulli, ya ce dama akwai mai sai da man babur da ke son wurin. Bencin ban ɗauka ba, yana nan a ƙofar, masu jiran a zuba masu mai ke zama a kai.

Na gaya ma mai unguwa ya nemi wani mai raka baƙi, ya ce to, amma har yanzu bai samu ba. In baƙo ya zo ni ake aiko ma shi. Nakan ba shi ruwa, in ɗauki sanda mu fita.